Cinikin Biri a Sama: Harsashin da Ba Shi da Suna

Kawuna yana da yatsu uku a hannunsa na hagu. Sauran biyun ya baro su a wata fadama da ke kusa da Dagumawa, wata safiya cikin hunturu, shekara shida ke nan. Ya hango garken zabin daji, ya saita, ya ja kunama, sai bindigar ta yi wani ɗan tari maimakon ƙarar da ya saba ji. Ya ɗauka harsashin ne ya yi sanyi. Ya zare kwanson, ya sa wani, ya sake ja. Abin da bai sani ba shi ne, na farkon bai fitar da kayan cikinsa ba, sun tsaya a tsakiyar bututu. Da na biyun ya tashi bai sami hanya ba, sai ya yi wa kansa hanya ta gefe, daidai inda hannunsa yake riƙe.

Harsasan biyu ba sababbi ba ne. Tsofaffin kwansuna ne da aka riga aka harba, wani ya tattara, ya sake cika su, ya sayar. A wannan rubutu zan riƙa kiran irinsu sake-cika. Babu sunan kowa a jikinsu sai na kamfanin da ya yi kwanson tun farko, wanda bai san abin da aka ɗura daga baya ba. Da na tambayi Kawu wa ya cika su, sai ya ce wanda ya sayar masa ma daga hannun wani ya karɓo.

Matsayina a kan wannan lamari ɗaya ne, kuma zan faɗe shi tun yanzu. Rufe ƙofar halal da hukuma ta yi bai rage yawan harsashi a ƙauyukanmu ba. Abin da ya rage shi ne sanin wanda ya yi shi, da wanda ya saya, da inda ya tafi. Gwamnatocin da ke kiran mafarauta su taya su tsaron daji, alhali sun bar su da wannan kasuwar duhu, suna da hannu a kowane yatsa da ya guntule da kowane harbi da aka rasa mai shi.

Abin da mai saye yake dubawa

Kada mai karatu ya ɗauka maharbin ƙauye yana saye ne ido rufe. Na zauna da Kawu a zaurensa na tambaye shi.

"Kawu, in za ka sayi harsashi, me kake dubawa?"

Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan boko, kana zaton hauka muke yi? Akwai dubawa mana."

Ya lissafa mini. Da farko jikin kwanso: kada ya zama ya tsage, ko ya kumbura, ko ya ƙone a baki. Sai gindinsa na ƙarfe: in ya yi tsatsa ko ya yi kore, to ya sha danshi. Sai rufin bakinsa: in an naɗe shi daidai, mai aikin yana da hannu, in kuwa ya karkace, gaggawa aka yi. Sai a jera guda biyar a tafin hannu a ji ko nauyinsu ɗaya. Sai a kaɗa a kusa da kunne a ji ko kayan ciki suna rawa. Bayan duk wannan, sai babbar tambaya: daga hannun wa ya fito, kuma wa ya taɓa harba nasa ya dawo lafiya?

Sai kuma farashi, wanda a ƙarshe shi ke yanke hukunci. Sabon harsashi daga waje ake shigo da shi, da dala, kuma mai karatu ya san abin da ya sami naira tun daga tsakiyar 2023. Manomin da ke son korar ɓarna daga gonarsa, ko samun naman miya da rani, ba zai sayi sabo ba matuƙar ga mai rahusa a gabansa. Ya san araha ba ta ado. Aljihunsa ne bai ba shi zaɓi ba.

Wannan ilimi ne na gaske, wanda aka tara da gogewa da asarar jini. Matsalarsa ita ce duk a kan fatar harsashi ya tsaya.

Abin da ido ba ya gani

Abin da ke kashe mutum yana ciki. Harsashi ƙaramar fashewa ce da aka auna, kuma amincinsa ya dogara ne ga daidaito tsakanin irin albarushin, da yawansa, da nauyin dalmar da zai tura, da ƙarfin bututun da zai ɗauki matsin. In albarushi ya yi kaɗan, ko ya jiƙa, kayan ciki su maƙale, kamar yadda ya faru da Kawu. In ya yi yawa, matsin ya wuce abin da ƙarfe zai jure. In kuma aka yi kuskuren iri, abin ya fi muni, domin albarushin zamani marar hayaƙi da baƙin albarushin bindigar toka ba hali ɗaya suke da shi ba, kuma bindigar da aka ƙera don baƙin albarushi tana iya tarwatsewa da marar hayaƙi.

Bambancin da ke tsakanin awo mai kyau da awo mai kisa bai kai nauyin da tafin hannu zai rarrabe ba. Dalmar da ke ciki ta ninka albarushin nauyi sau da yawa, saboda haka wanda ya jera biyar a hannunsa nauyin dalma yake ji. Kunne ma ba ya jin irin albarushi. Duk dubawar Kawu ba za ta iya gano harsashin da ya cinye masa yatsu ba, kuma ya ce mini ya duba shi kamar yadda ya saba.

A ƙara da cewa yawancin waɗannan harsasai a bindigogin ƙirar maƙera suke shiga, waɗanda ba a taɓa gwada ƙarfin bututunsu ba. Harsashin da ba a auna ba, a cikin bututun da ba a gwada ba, a hannun mutumin da ba a rubuta sunansa ko'ina ba. Wannan shi ne cinikin biri a sama, sai dai a nan kuɗin da ake biya da jiki ake biyansa.

Yadda wasu suka warware

Sake cika harsashi don sayarwa ba baƙon abu ba ne a duniya, kuma ba laifi ba ne a ko'ina. A Amurka sana'a ce sananniya, amma wanda zai yi ta don kasuwa sai ya mallaki lasisin gwamnatin tarayya. Masu saye a can su ma suna duba kwanso, sai dai abin da suka fi nema yana jikin kwali: sunan wanda ya cika, da lambar rukunin da aka yi tare, da nauyin abin da ke ciki. In rukuni ɗaya ya sami matsala, ana iya sanarwa a janye shi, ana kuma iya kai mai shi kotu. Tun 1926 masana'antunsu suke da ƙungiyar SAAMI da ke fitar da ma'aunin matsi da girma. Duk da haka, kamfanonin bindiga da yawa suna gargaɗin cewa ba su da alhaki in aka yi amfani da sake-cika, domin sun san hatsarinsa.

A Turai abin ya fi tsauri. Ingila tana da gidan gwajin bindiga a Birmingham tun 1813, inda ake harba bututu da matsi fiye da na al'ada kafin a buga masa hatimi. Ƙasashe goma sha huɗu, ciki har da Ingila da Faransa da Jamus da Italiya, suna cikin hukumar C.I.P., wadda dokarta ta wajabta gwada bindiga da harsashi kafin su shiga kasuwar farar hula.

Ban kawo waɗannan misalai don in ce mu zama Amurka ba. Allah ya kiyaye mu da yawan bindigoginsu. Darasin da ke ciki ƙarami ne: mai saye a ko'ina ba ya iya ganin cikin harsashi, saboda haka al'ummar da ta san ciwon kanta takan ɗora alhakin a kan wani suna. Mu ma mun san wannan a wasu fannoni. Ledar ruwan da ake sayarwa a tashar Wudil tana ɗauke da lambar NAFDAC. Layin wayar da ke aljihun Kawu an haɗa shi da lambarsa ta ɗan ƙasa. Harsashi kaɗai, wanda aka yi shi don ya huda jiki, shi ne ke yawo ba uwa ba uba.

Doka tana da ƙofa, an toshe ta

Wani zai ce ai dokarmu ta haramta duk wannan. Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye ba, Kawu ya karya doka. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai na yaƙi, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, kamar bindigar farauta mai harsashi, waɗanda Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasisinsu. Akwai kuma masu ɗuri ta baki, irin bindigar toka, waɗanda lamarinsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sandan jiha. Dokar ta hana riƙe harsashi sai ga mai lasisi, ta kuma hana ƙera bindiga ko harsashi ba da izini ba.

Wato dokar da kanta ta yarda akwai farar hular da ya cancanci bindigar farauta, ta kuma tanadi dillali mai rajista da zai sayar masa. To ina ƙofar take a yau? A watan Yunin 2022, da Gwamna Bello Matawalle ya ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga don kare kansu, 'yan sanda sun amsa cewa takunkumin ba da lasisi yana nan, shugaban hafsoshin tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A watan Agustan 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sake jaddada dakatar da ba da lasisin. Ko a lokacin da ƙofar take buɗe, an yi ta ne daidai da mai kuɗi da sanayya a birni. Manomin Dagumawa bai taɓa kusantarta ba.

Sakamakon a fili yake. Buƙata tana nan, hanyar halal babu, sai kasuwar ɓoye ta cike gurbin. Abin takaicin shi ne, a garin Wudil ɗin nan ne Makarantar Horar da Hafsoshin 'Yan Sanda ta ƙasa take. Ana koyar da dokar makamai a aji, ƙauyukan da ke kewaye kuma suna rayuwa a ƙarƙashin wata dokar daban, wadda ba a rubuta ba.

Ana so, ana kaiwa kasuwa

Da a ce hukuma ta tsaya a kan cewa ba ta son bindiga a hannun kowa, da an ce tana da manufa, ko da ba a yarda da ita ba. Amma dubi abin da take yi. A watan Nuwamban 2014, mafarauta da 'yan banga suna cikin waɗanda suka taimaka wa sojoji ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram, aka yi ta yabonsu. A watan Oktoban 2023 Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma na Katsina. A watan Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara. A bayan waɗannan rundunoni masu kaki akwai dubban 'yan banga da mafarauta marasa kaki, waɗanda kowane baturen 'yan sanda na ƙaramar hukuma ya san da su, yana kuma neman su in dare ya yi tsanani. Ba mai tambayarsu inda suka samo harsashi, domin kowa ya san amsar.

Da rana mai laifi, da dare abokin aiki. Wannan rashin matsayi yana da farashi, kuma mutanen Kano sun biya shi a ƙarshen watan Maris na 2025, lokacin da aka tare wata mota a Uromi ta Jihar Edo, aka ga bindigogin toka, aka kashe mafarauta goma sha shida da ke kan hanyar dawowa gida yin Sallah. Da yawansu mutanen Torankawa ne a ƙaramar hukumar Bunkure, nan kudancin Kano. Alhakin jininsu yana wuyan waɗanda suka kashe su, kuma ba na cewa wata takarda za ta tsayar da taron da ya riga ya haukace. Amma ina cewa ƙasar da ta bar sana'a mai ɗaruruwan shekaru ba tare da rajistar da kowane jami'i zai iya tantancewa ba, ta sauƙaƙa wa kowa ya kira maharbi ɗan fashi.

Tarihin Kano ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye dakaru masu bindiga. Har yau 'yan bindigar Sarki suna fita a hawan Sallah, kowa ya san shugabansu, kowa ya san gidajensu. A zamaninmu ne kalmar "'yan bindiga" ta koma sunan waɗanda ba a san su ba. Kakanninmu ba su rasa bindiga ba, kuma ba su rasa sanin mai riƙe da ita ba.

Hujjar masu adawa

Akwai hujjoji biyu da ake kawo mini, kuma duka biyun suna da nauyi.

Ta farko: in aka buɗe hanyar halal, harsashin zai zarce hannun ɓarayin daji. Tsoron yana da tushe, amma a dubi abin da ɓarayin ke harbawa. Ƙarfinsu yana kan AK-47 da danginta, kuma harsashinta ba ya shiga bindigar farauta. Rahoton ƙungiyar Conflict Armament Research na Janairun 2020 a kan rikicin manoma da makiyaya ya bi sawun makamai zuwa rumbunan Libiya da Kodebuwa, da bindigogin Turkiyya da aka shigo da su ta tashar ruwan Legas, da kuma rumbunan jami'an tsaron Nijeriya. A 2017 kaɗai hukumar kwastam ta kama bindigogi 2,671 a Legas. A watan Yulin 2024 ta nuna bindigogi 844 da harsasai 112,500 da ta kama a tashar Onne. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na 2019 ya ce an kasa ba da bayanin makamai 178,459 na 'yan sanda, ciki har da AK-47 guda 88,078. Duk wannan ya faru ne ƙofar lasisi tana rufe ko tana dab da rufewa. Ramin da ruwa ke shiga daban, wanda aka toshe daban.

Ta biyu ta fi damuna: 'yan banga da 'yan sa-kai su ma sun zubar da jinin bayin Allah, musamman Fulanin da ba su ji ba ba su gani ba, kuma wannan ya hura wutar rikicin Zamfara. Ba na musun haka ko kaɗan. Amma wannan hujja tawa ce. Mutumin da zai iya harbi ba tare da an san harsashinsa nawa ba, ko daga ina ya samo, ko nawa ya rage, shi ne mutumin da ba ya jin tsoron hisabi. Wanda ya san an ƙirga masa goma, kuma za a tambaye shi goma, yakan yi tunani kafin ya ja kunama. Harsashin da ba shi da suna mai zalunci yake karewa.

Abin da nake nema

Kundin tsarin mulkin 1999 ya sa makamai da harsasai cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Saboda haka wannan kira ga sanatocinmu ne da wakilanmu, da Cibiyar Taƙaita Yaɗuwar Ƙananan Makamai da aka kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, wadda ta sami dokarta a 2024. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006, wadda Nijeriya ke ciki, ta riga ta buƙaci a yi rajistar masu ƙera makamai na gida, a kuma sa wa makamai da harsasai alama. Ba sabon abu nake ƙirƙira ba.

A yi rajistar mafarauta daga tushe, da shaidar Sarkin Baka da dagaci da hakimi, baturen 'yan sanda ya sa hannu, a haɗa da lambar ɗan ƙasa. Wanda aka taɓa samu da laifin zubar da jini kada ya shiga. A ba wa mai rajista damar sayen harsashin farauta kaɗai, adadi ƙayyadadde, a wurin dillali mai lasisi, kowane kwali da lambarsa. Sharaɗin sake saye shi ne dawo da kwansunan da aka harba: ka kawo goma, a ba ka goma. Wannan sharaɗi kaɗai zai yi aiki biyu, ya ba da lissafi, ya kuma ƙwace wa masu cikawa a ɓoye kayan aikinsu. In za a yarda da sake-cika saboda rahusa, to a yi shi a wuri mai lasisi, da ma'auni da gwaji da suna a jiki. Muna da masana'antar DICON a Kaduna tun 1964, an kuma sabunta dokarta a 2023, saboda haka ba za a ce babu inda za a gwada ba. Duk gwamnan da ya ɗauki dakarun sa-kai kuma, ya riƙa kai wa majalisar jiharsa lissafin harsashin da ya raba.

Kano ta taɓa yin irin wannan. Da magungunan jabu suka addabi jama'a, ba a haramta magani ba. A 2024 an tilasta wa dillalan Sabon Gari komawa cibiyar Dangwauro, inda hukuma za ta iya sa ido. An yi ta ƙorafi, kuma tsarin bai rasa naƙasu ba, amma ƙa'idar daidai ce: abin da ba za ka iya kawarwa ba, kawo shi inda za ka gan shi.

In kuwa hukuma ta ga duk wannan ya yi mata nauyi, akwai hanya ta biyu mai mutunci. Ta daina kiran mafarauta aikin tsaro, ta kai isassun jami'ai kowane ƙauye, sannan ta karɓe bindigogin da hujja. Abin da ba shi da mutunci shi ne wanda ake yi yanzu.

Mu da muke karanta irin wannan rubutu a ofis ko a cikin mota, yawancinmu muna da wani Kawu a ƙauye. Muna aika masa kuɗin taki, muna cin naman da ya aiko, muna barci a gidansa da Sallah saboda mun san yana da abin da zai tare ƙofa. Ba mu taɓa tambayar abin da ke cikin aljihunsa ba. Nawa Kawun ya koma farauta tun da hannun ya warke. Da na je Dagumawa a watan jiya, ya nuna mini guda shida da ya sayo, ya juya su da yatsunsa uku, ya kaɗa ɗaya a kunne.

Na ce, "Kawu, wa ya cika waɗannan?"

Ya ce, "An ce mai hannu ne."